Iyo, Keke Da Gudu A Rana Ɗaya: Yadda Ɗan Babura Zai Kammala Kilomita 51.5 Karon Farko

Yau tambaya zan fara yi maka. Idan aka ce ka faɗa ruwa ka yi iyo na kilomita ɗaya da rabi, kana fitowa ka haye keke ka ci kilomita 40, kana sauka kuma ka zuba gudu na kilomita 10, duk a jere ba hutu, za ka iya?

Na san amsar da yawancinmu za su bayar: "Kai, wannan ai aikin soja ne!" To ba na soja ba ne. Wasa ne da ake kira tirayatlon, wato gasar abu uku a haɗe, kuma wannan ma'auni na kilomita 51.5 shi ake kira zangon Olamfik. Mafi yawan masu yin sa a duniya ba ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da iyaye mata, waɗanda burinsu kawai su isa layin ƙarshe da ƙafarsu.

Wasan baƙo ne a yankinmu na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, amma kashi biyu cikin uku nasa tare da su muka tashi. Wane ne a cikinmu bai taka keke zuwa gona ko makaranta ba? Wane ne bai sha gudu a filin ƙwallo ba? Kashi na ukun, wato iyo, shi ne inda gizo ke saƙa, kuma a kansa za mu fi daɗewa, domin maganarsa ta wuce wasa, ta kai ga rai.

Daga ina wasan ya fito?

A ranar 25 ga Satumba, 1974 wata ƙungiyar masu gudu a birnin San Diyego na Amurka ta shirya gasar farko irin ta zamani, mutum 46 suka shiga. A 1978 aka fara mai tsananin wahalar nan da ake kira Ironman a tsibirin Hawai: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2. Mutum 15 suka fara, 12 suka gama. A 1989 aka kafa hukumar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa, wadda yanzu ake kira World Triathlon, sannan wasan ya shiga Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Afirka ma ta taɓa ɗanɗana lambar yabo, domin Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Riyo a 2016.

A Faris a 2024, Alex Yee na Birtaniya ya gama a cikin awa 1 da minti 43 da 'yan daƙiƙu, Cassandre Beaugrand ta Faransa kuma ta lashe na mata a ƙasa da awa biyu. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Sabon shiga mai keken gida, in ya yi iyo cikin minti 40 zuwa 45, keke cikin awa ɗaya da minti 45, gudu cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, zai gama tsakanin awa uku da rabi zuwa huɗu. Wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan. A karon farko, gamawa ita ce nasara.

Ruwa: a nan za ka fara

Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawanmu da ke cewa "na iya ruwa", abin da muka iya shi ne fantsama a kududdufi da damina, mu yi taku goma mu kama gaɓa. Mita 1,500 wani abu ne daban. A wurin ninƙaya mai tsawon mita 50, irin na babban filin wasa na Abuja, tsallakawa 30 ke nan. A mai mita 25 kuwa, sau 60.

Kafin maganar gasa, ga dalilin da ya sa koyon iyo ya cancanci lokacinka ko da ba za ka taɓa shiga tsere ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ba sai an kai mu nesa ba. A ƙarshen Nuwamba na shekarar 2021 ne kwalekwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Lodi ya wuce kima a wannan jirgi, kuma iya ruwa ba ya maye gurbin rigar kariya. Amma duk damina muna jin labarin yaron da kududdufin bayan gari ya ci, wani lokacin har da wanda ya faɗa don ya cece shi. An ruwaito Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kwaɗaitar da iyaye su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi da hawan doki. Mu dai mun riƙe dokin a hawan sallah, iyon kuwa mun bar wa masunta.

To ina za ka koya? Hanya mafi aminci ita ce wurin ninƙaya da aka gina, mai tsabtataccen ruwa da mai tsaro. Irin waɗannan a Kano za ka fi samun su, a wasu otal-otal da wuraren motsa jiki, kuma ana biya. In kana karatu a can ko kana shiga lokaci-lokaci, ware kuɗin darasi shida zuwa goma wurin wanda ya iya koyarwa. Abin da za ka nema a wurinsa uku ne: yadda za ka kwanta a kan ruwa ba tare da tsoro ba, yadda za ka fitar da numfashi a cikin ruwa ka shaƙa ta gefe, da yadda za ka tsaya cak a ruwa mai zurfi kana hutawa. Sabon shiga ba ƙarfin hannu ke kayar da shi ba, riƙe numfashi ne. Yana riƙewa, ƙirji ya cika, tsoro ya shigo, shi ke nan sai haɗiyar ruwa.

Idan kuwa abin da ke kusa da kai shi ne dam, kamar Dam ɗin Ayuba na Kazaure, to akwai sharuɗɗan da ba a yi musu ragi. Ka fara gaida sarkin ruwa da masuntan wurin, ka nemi izini da shawara. Su suka san inda rami yake, inda taɓo ke riƙe ƙafa, inda aka shimfiɗa taru ko aka zuba ƙugiyoyi. Kada ka taɓa shiga kai kaɗai. A samu mai kwalekwale yana bin ka a gefe. Ka ɗaura gora irin ta masunta ko jarka mai murfi a ƙugunka da 'yar igiya, tana biye da kai, in ka gaji ka rungume ta. Ka riƙa bin gaɓa a tsaye, inda ƙafarka za ta iya taɓa ƙasa, maimakon ka nufi tsakiya. Kuma ka kauce wa ruwa lokacin da damina ta yi ƙarfi ko ake sakin ruwa.

Sai maganar tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta huda fatar mutum ta shiga. Ba sai ka sha ruwan ba, shigarsa kaɗai ta isa. Wasu na ɗaukar ta alamar balaga, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara in aka bar shi. Duk wanda ke shiga dam ko kududdufi ya riƙa zuwa asibiti ana duba fitsarinsa. Akwai magani mai suna Praziquantel, amma ma'aikacin lafiya ne zai auna maka, ba mai kemis na bakin tasha ba. Kada ka ɗauka mu kaɗai ke fama da ruwa marar kyau. Ko a Faris sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda gwaji ya nuna kogin Sen ya gurɓace.

Keke: wanda ke jingine a zaure ya isa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Wanda a da yake jin kunyar takawa, yanzu shi ke gaba. Wannan riba ce a gare ka, domin kashi mafi tsawo na wannan wasa a kan sirdi ake yin sa.

Za ka ga hotunan kekuna masu tsadar mota a intanet. Rabu da su. Tsohon Raleigh ko Phoenix na Baba, ko ɗan gwanjo mai giya, zai kai ka kilomita 40 in dai lafiyarsa ƙalau. Kai shi wurin mai gyara ya duba burki gaba da baya, ya sa wa sarƙa mai, ya ɗaure duk abin da ke kaɗawa. Ka ɗaga sirdi yadda in feda ta kai ƙasa, gwiwarka za ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe sarai ba. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. Ka koyi yin faci da kanka, ka riƙa tafiya da famfo da kayan faci, domin ƙaya ba ta san ranar gasa ba. Rashin keke mai tsada bai taɓa zama hujja ba. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik a 2024, aron keke ta yi wurin tawagar Jamus ta shiga tseren cikin fili da shi.

Abu ɗaya da ba a aro masa uzuri shi ne hular kwano. A dokar wasan, ba ka da ikon taɓa kekenka daga inda aka jingine shi sai ka sa hula ka ɗaure maɗaurinta. A kan titunanmu kuwa ko babu doka hankali ya ce ka sa. Hanyar Kano zuwa Kazaure zuwa Daura cike take da manyan motoci da direbobin haya masu sauri. Ka nemi titin da ya fi shiru, ka auna kilomita biyar ko goma da manhajar waya irin su Strava, ka riƙa kai da komowa a kansa da sassafe. Ka sa riga mai haske, ka cire abin jin waƙa daga kunne.

Ƙasarmu ma ta raba mana aiki. Ɓangaren Babura shimfiɗaɗɗe ne, ya dace da doguwar tafiya a natse, sai dai iska da rairayin gefen titi. Kazaure da Roni kuwa akwai duwatsu da hawa da gangara, wurin gina ƙarfin cinya. In kana da aboki a can, ku riƙa musayar ziyara.

Gudu: kilomita 10 da ƙafafun aro

Kilomita 10 zagaye 25 ne a filin tsere mai mita 400, ko kusan zagaye 30 na cikakken filin ƙwallo. Ɗan ƙwallo zai ce wannan mai sauƙi ne. Amma gudun da ake yi bayan an sauka daga keke ba irin wanda ka sani ba ne. Naman cinya ya shafe kusan awa biyu yana juya feda, sai ka ce masa ya koma gudu nan take. Minti goma na farko za ka ji kamar ƙafafun wani aka ɗaura maka.

Maganinsa shi ne ka saba wa jiki. Sau ɗaya a mako, kana sauka daga keke, ka jingine shi ka yi gudun minti 10, daga baya 15, daga baya 20. Sauran ranaku ka yi gudu a hankali, irin wanda za ka iya hira da abokinka kuna tafe. In ba ka saba ba, fara da gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya, ka maimaita har rabin awa. Babu dokar da ta hana tafiya a ranar gasa. Takalmi kuwa, kambas na gwanjo mai laushin ƙasa daga Ƙofar Wambai ko kasuwar garinku ya wadatar, muddin ya ɗan fi ƙafarka kaɗan kuma ka saba da shi makonni kafin ranar.

Rana ba ta da aboki

A Satumban 2016 a tsibirin Kozumel na Meziko, Jonny Brownlee na Birtaniya yana kan gaba, saura 'yan ɗaruruwan mita ya gama, zafi ya bugar da shi ya fara tangaɗi kamar zai faɗi. Yayansa Alistair, mai zinare biyu na Olamfik, shi ya rungumo shi ya kai shi layi ya tura shi ya tsallaka. Nemi bidiyon ka kalla. Idan zafi ya yi wa gwanin duniya haka, ina ga ni da kai a Babura cikin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40?

Saboda haka lokaci ya fi komai. Ka yi atisaye bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Ka kauce wa tsakiyar bazara gaba ɗaya wajen sa ranar gwaji. Daga ƙarshen damina zuwa Fabrairu ya fi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri ka rage gudu, musamman in kana da asma, iyo kuma ka bari sai rana ta ɗaga ruwa ya saki. A kan keke ka riƙa kurɓar ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, kada ka jira ƙishirwa. In tafiyar ta haura awa ɗaya, ka haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ake yi a asibiti: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. Dabino da ayaba a aljihu sun isa abincin hanya. In ka ji jiri, ko sanyi na kama ka cikin rana, ko tunaninka ya fara rikicewa, tsaya nan take ka nemi inuwa da ruwa. Wannan ba ragwanci ba ne. Da azumi kuwa, ɗan motsi kaɗan bayan shan ruwa ya isa, dogon atisaye ya jira bayan sallah.

Kafin ka fara komai, je asibiti a auna jininka da bugun zuciyarka, ka kuma san rukunin jininka game da sikila. Mai ɗauke da ita, ko da rabi ne, ya kamata ya ji shawarar likita kafin ya haɗa wahala da zafi da ƙarancin ruwa a jiki.

Tsarin mako 16

Wannan tsari na wanda ya riga ya iya iyon mita 200 ba tsayawa ne. In ba ka kai nan ba, ba wa ruwa wata biyu ko uku tukuna, kana taka keke da gudu a gefe.

Mako na 1 zuwa na 4, ka yi iyo sau biyu, keke sau biyu, gudu sau biyu a mako, kowanne minti 30 zuwa 45, ka huta ranar Juma'a. Mako na 5 zuwa na 8, ka ƙara tsawo kaɗan-kaɗan har ka kai iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Wannan shi ne rabin zango, kuma gasa ce mai zaman kanta a duniya. A ƙarshen mako na 8 ka haɗa su a rana ɗaya ka ji yadda jiki zai ce. Mako na 9 zuwa na 14, ka matsa har ka taɓa mita 1,500 da kilomita 40 da kilomita 10, kowanne a ranarsa daban. Mako biyu na ƙarshe ka rage aiki zuwa rabi, ka yi barci sosai. Duk mako na huɗu ka sassauta don jiki ya warware. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk abin da za ka ci ko ka sa ranar gwaji, ka gwada shi tun a atisaye.

Ke ma da ke ake

'Yar'uwa, kada ki ce wannan zancen maza ne. Shirin Gerami 'yar Iran ta shiga gasar duniya a Landan a 2013 cikin suturar da ta rufe mata jiki da kai, sannan a 2016 ta kammala Ironman na Hawai a haka. Kuma sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Matsalarki ta gaskiya ita ce wuri: inda za ki yi iyo babu idon maza, da inda za ki yi gudu babu masu surutu. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku nemi yardar iyaye, ku roƙi filin wata makarantar mata da sassafe. Mafari ke nan.

To ina gasar take?

Akwai hukumar tirayatlon ta ƙasa a Najeriya, kuma yana da kyau ka riƙa bibiyar sanarwarta. Akwai kuma tseren gudu da kowa ke iya shiga, kamar na kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo da gudun fanfalaki na Legas. Amma ba sai ka jira an kawo maka gasa ƙofar gida ba. Akwai nau'in da babu ruwa a ciki, wanda hukumar duniya ta amince da shi: gudu kilomita 5, keke kilomita 20, a rufe da gudu kilomita 2.5. Wannan ko a Gwiwa ana iya shirya shi. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura da na Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ga ƙalubale gare ku. Abin da ake buƙata shi ne izinin hukumar makaranta da mai gari, sanar da jami'an kiyaye haɗurra, ma'aikacin lafiya ɗaya, masu babur biyu da za su bi ayari, ruwan sha da mai riƙe agogo. Ranar da kuka samu amintaccen ruwa da masu kwalekwale, sai ku ƙara iyo.

Ranar da za ka yi cikakken zangon, ka tashi da wuri, ka sha koko ko kunu awa biyu kafin farawa. Ka jera kayanka a wuri ɗaya: hula a kan keke, takalmi a buɗe, gorar ruwa a cike, domin lokacin sauya kaya ma cikin lissafi yake. Ka shiga ruwa a hankali kamar mai jin tsoron tashin wani daga barci. Ka taka keke da saura ƙarfi a ajiye. Kilomita uku na ƙarshe na gudu za su tambaye ka abin da ka yi a makonni 16 da suka wuce, kuma amsar tana jikinka.

Abin da nake so ka yi a wannan makon ƙarami ne: fito da keken nan ka kai shi wurin mai gyara, ka nemi aboki ɗaya da zai riƙa buga maka ƙofa da asuba, sannan ka tambayi inda za ka koyi iyo cikin aminci, kai da ƙaninka.